Telan Da Ya Yanka Wa Falo Wuya

Duk layin babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sau-Ɗaya ake ce masa, shi kuma ya amsa har da gyara zaman hula. Tela ne, shagonsa na ƙofar gidan yayarsa, da ɗan ɗaki a bayan shagon inda yake kwana. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa, don duk wanda ya kawo ɗinki, da ya ɗora masa tef a kafaɗa sai ya ce, "Ni sau ɗaya nake awo, ba na maimaitawa." To, maganar gaskiya, akwai mutane a layin nan da ke yawo da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Amma in ka kai ƙorafi sai ya ja da baya, ya ƙare maka kallo, ya ce tsayuwarka ce a karkace.

Yayar tasa ita ta riƙe shi tun yana yawo ba wando, har yau da furfura a gemunsa Auta take ce masa. Zaman kyauta yake yi a gidanta, shago da ɗaki, ga kwanonsa kullum a rufe yana jiransa. Ita kuwa abu ɗaya ne ta ɗora wa rai a duniyar nan: wani jan kafet mai laushi da ɗanta ya aiko mata daga garin da yake aiki. Tun da ya iso yake naɗe cikin leda a jingine a ɗakinta, ko jikokinta ba ta yarda su jingina da shi. Jira take zagayen taron ƙungiyar matan unguwa ya zo kanta, don Shugabar ƙungiyar ta taɓa cewa a gaban kowa simintin falon Yaya yana kama mata ƙashi. Yaya ta yi dariya a ranar, amma maganar ba ta taɓa wuce mata a wuya ba.

Ranar taron ta zo, mai shimfiɗa kafet ya ƙi zuwa. Sau-Ɗaya ya shigo neman ruwan zafi ya tarar da ita tana ta danna waya tana tsaki.

"Yaya, wa kike nema haka kamar zai gudu da ɗiyarki?"

"Mai kafet mana. Tun safe wayarsa a kashe, ga matan nan da yamma za su zo."

Sau-Ɗaya ya ajiye kofi, ya dafe ƙirji kamar an soke shi. "Ina cikin gidan nan da raina kike neman wani ƙato ya zo ya yanka miki ƙyalle?"

"Ba ƙyalle ba ne, Auta, kafet ne."

"Mene ne kafet in ba yadi mai kauri ba? Ni da na ɗinka wa mutumin da sai an buɗe ƙofa biyu yake shiga ɗaki, falo ne zai gagare ni? Falo da ba ya motsi, ba ya riƙe numfashi don a rage masa tumbi?"

"Yaron nan da ya aiko shi, da kansa ya auna falon da ya zo gida. Ya ce tsawo da faɗi ya buga, ya sayo daidai da ɗan ƙari kaɗan. Babu na ɓarna a ciki."

"Tsawo da faɗi! Lissafin 'yan makaranta ke nan. Ɗaki jiki gare shi, Yaya, yana da kafaɗa, yana da ƙugu. Ke dai je ki sayo lemonki, kafin ki dawo an gama, matan nan sai sun roƙe ki sunan wanda ya yi aikin."

Yaya ta dube shi, ta dubi wayar, ta dubi simintin nan da ya ja mata magana. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta nuna shi da yatsa. "Auta, ka ji ni da kyau. Wallahi in ka ɓata min kafet ɗin nan, ɗakinka da shagonka kwaɗo zan sa musu. Ba wasa nake ba."

"Ki tafi da zuciya ɗaya," in ji shi.

Tana fita ya ƙwala wa Direba kira. Direba maƙwabcinsu ne, tsohon matuƙin babbar mota da ya ajiye aiki, yanzu ba shi da sana'a sai zama a benci yana gyara wa masu wucewa tuƙi da baki. Ya shigo, ya zuba hannu a baya, ya kewaya falon. "Wannan zai ci ƙaramar mota biyu," ya ce, "in mai fakin ya iya."

Falon Yaya ba murabba'i ba ne santal. Ta kusurwa ɗaya bangon banɗaki ya kutso ciki, sannan ga wani ginshiƙi da ya tokare rufi, ba a tsakiya ba, can ya karkata wajen taga. Suka fitar da kujeru tsakar gida. Sau-Ɗaya ya zaro tef ɗinsa na ɗinki daga wuya, ɗan gajeren nan da ko tsawon gado bai kai ba, ya durƙusa.

"Kafaɗa tukuna. Direba, duk inda tef ya ƙare danna yatsanka, kada ka ɗaga sai na dawo da kan tef wurin."

Haka suka yi ta jan gindi a siminti, tef ya ƙare, yatsa ya danna, tef ya tashi. Suna tsakiyar tsawon ɗakin ƙura ta shiga hancin Direba. Ya saki wata atishawa da ta sa kajin tsakar gida watsewa, ya ɗaga hannu ya share hanci da bayan hannu, sannan ya mayar da yatsan inda ya ga dama.

"Nan ne?" in ji Sau-Ɗaya.

"Kusan nan ne. Ko mu sake daga farko?"

"Mu sake? Ni? Direba, kada ka bari wani ya ji ka."

Suka wuce. Da suka zo inda bangon banɗaki ya shigo, Sau-Ɗaya ya gwada shi ya ce, "Hammata." Da suka zo ga ginshiƙi kuwa sai ya miƙe tsaye, ya rungume shi da ladabi, ya zagaya masa tef, har da zura yatsu biyu a ƙarƙashin tef ɗin.

"Yatsun na mene ne?"

"Don kada wuyan ya shaƙe shi."

Direba ya gyaɗa kai. A ransa ya ce kowa da iliminsa.

Falon ba zai isa a baje kafet a yanka ba, tsakar gida kuma ga kujeru, don haka suka kinkime shi zuwa bakin titi, suka yage leda, suka warware. Jan nan ya haska layin. Mai Aski ya bar mutum da rabin kai ya fito, Mai Kanti ya leƙo daga bayan kantarsa, masu wucewa suka rage tafiya. Sau-Ɗaya yana ganin jama'a ta taru sai ya ji ƙarfi ya zo masa. Ya naɗe hannun riga, ya saƙala alli a bayan kunne.

"Kama can, Direba. Ninki biyu za mu yi."

"Ninki kuma? Don me?"

"Duk telan ƙwarai ninkewa yake ya yanka, dama da hagu su fito iri ɗaya."

"Amma ai falon damansa da hagunsa ba iri ɗaya ba ne."

Sau-Ɗaya ya ɗago, ya kalli jama'a, ya kalli Direba. "Ni na taɓa shiga motarka na koya maka canja giya?"

Aka yi dariya, Direba ya ji kunya, ya kama ya ninke. Sau-Ɗaya ya zana hammata da alli a gefe, ya zana rabin da'ira a kan ninkin, ya ja layin rage tsawo a ƙarshe, ya sa almakashi. Almakashi ya ce bai san wannan ba. Ya matsa da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta tashi, almakashi ya tauna ya tofar. Sai da aka aro wuƙar yanka kwali a wurin Mai Kanti, Direba ya hau kan kafet ya danne da gwiwa, shi kuma yana ja yana nishi, jan gashi na tashi yana manne musu a gemu. Da ya gama ya miƙe, ya share gumi, ya ce, "A buɗe a ga aiki."

Aka buɗe. Jama'a suka matso. Ga rami zagayayye a tsakiya cif, ga hammata a dama, ga 'yar'uwarta a hagu. Ko makaho ya shafa ya san riga ce.

"Sau-Ɗaya," in ji Mai Aski, "wace giwa ce ta kawo ɗinki?"

"Saura aljihu," in ji Mai Kanti.

Mutumin da aka bari da rabin kai ya fito da ƙyalle a wuya yana tambaya ko akwai wandonta.

"Ku yi dariyarku," in ji Sau-Ɗaya. "Kaya sai an sa a jiki ake ganin kyansa. Direba, ɗauka."

Suka shiga falo da shi, suka ɗaga shi sama a gaban ginshiƙi, ramin na kallon rufi. Suka tsaya a haka. Direba ya gaji da riƙo, ya leƙo ta gefen kafet ya yi tambaya.

"To, ta ina za mu zura masa kai?"

Sau-Ɗaya ya ɗaga ido ya bi ginshiƙin da kallo. Ya bi shi, ya bi shi, har inda ya shige cikin rufi ya haɗe. Ya ajiye gefensa, ya jawo kujera 'yar tsugune ya hau, ya shafa wurin da hannu ko akwai 'yar kafa. Babu. Kwaɗon Yaya ya gilma masa a ido. Amma da ya sauko sai ya yi tsaki.

"Wane irin magini ne wannan zai yi ginshiƙi ba kai? Wallahi mutanen yanzu ba su san aiki ba. Ba komai, mai buɗaɗɗen gaba za mu yi."

Ya tsaga kafet ɗin daga baki har zuwa ramin. Suka shimfiɗa, suka ja, suka daidaita da bango. Ramin ya kwanta a tsakiyar falo yana nuna siminti, ginshiƙi kuwa yana can gefe wajen taga, kafet ya tattare a gindinsa.

"Ba su haɗu ba," in ji Direba.

"Ginshiƙin ne ya matsa."

"Yaushe?"

"Ina na sani? Tsohon gini ne."

Ya yanka wuya na biyu a gindin ginshiƙin, ya ja wata tsagar zuwa gare shi. Yanzu kafet ya kwanta, sai dai kwanciyar ta tona sauran asirin. Hammatar hagu ta rungumi bangon banɗaki, ba laifi. Ta dama ba ta da abin runguma, sai siminti tsirara a bakin ƙofa. Can ƙarshen ɗaki kuma, albarkacin atishawar Direba, kafet ya gaza kaiwa bango da fiye da taki guda, don abin da ya kamata ya rufe wurin yana waje Mai Kanti ya riga ya shimfiɗa shi a ƙofar kantinsa.

Direba ya fara laluben takalminsa. "Ni fa ina jin ana kirana a gida."

"Ba inda za ka. Da yatsanka a ciki."

Sau-Ɗaya ya ruga shago ya kwaso gwangwanin maɓallai da basilla da igiya. Ya jera manyan maɓallan kwat a bakin kowace tsaga, baƙi da ruwan ƙasa da wani mai ƙyalli, ya yi musu 'yan zobba da igiya, ya ɓalla. Sannan aka shiga rufa asiri. Teburin tsakiya ya hau kan wuya na farko. Doguwar kujera ta hau kan hammatar dama, ta tare rabin ƙofa. Ƙarshen ɗaki ya ci ƙananan kujeru biyu da fanka da akwatin Yaya, duk da haka siminti na leƙowa. Sai da suka turo keken ɗinkinsa daga shago suka toshe sauran.

Suna cikin huci sallamar Yaya ta shigo, ga leda niƙi-niƙi a hannunta, ga matan ƙungiya a bayanta, don a hanya suka haɗu. Ta raɓa ta gefen doguwar kujera ta shigo a karkace. Da ta ga jan nan ya mamaye falonta, fuskarta ta washe, har ta dafa ƙirji. Sai idonta ya kai ƙarshen ɗaki.

"Auta, me keken ɗinkinka ke yi a falona?"

"Ado ne, Yaya. Manyan gidaje duk haka suke yi yanzu."

Ba ta samu damar amsawa ba, Shugaba ta iso. Mace ce mai jiki, mai son a ji shigowarta. Ta cire takalmi, ta matsa ta gefen kujera da ƙyar, ta ɗora ƙafa a kan kafet, ƙafar ta nutse. "Kai, ma sha Allah! Yau ƙashina ya huta." Yaya ta sunkuyar da kai tana murmushi, daɗi kamar ya kashe ta. Mata suka zazzauna, aka jera lemo da kofuna a kan tebur. Sai wata ta nuna ƙasa.

"Waɗannan maɓallan fa?"

Sau-Ɗaya, da ya kamata a ce tuni ya sulale, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya gyara murya. "Sabon salo ne, ni na ƙirƙiro. Ranar shara sai a ɓalle, a kakkaɓe, a mayar. Ba a taɓa yi wa kowa ba a garin nan sai Yaya."

"Ikon Allah!" in ji matar. "Nima za ka zo ka yi min?"

"Sai dai ki bi layi," in ji shi, yana harar Direba ta gefen ido.

Da ya tsaya a nan, wataƙila da an sha lemo an watse lafiya. Amma Shugaba ta miƙa hannu ta ji kofi ya yi mata nisa. "A matso min da teburin nan, ba na son miƙa."

"Ranki ya daɗe, teburin nan ba ya son motsi," in ji Sau-Ɗaya da sauri. "Bari in miƙo miki."

"Tebur ne ba ya son motsi? Ku ja min shi."

Mata biyu suka kama suka ja. Ramin ya bayyana, zagayayye, simintin nan na da yana kallon kowa. Shugaba ta yunƙura ta tashi don ta gani da kyau, ta taka gaba, babban yatsanta ya zurma cikin zoben igiyar maɓalli. Ta fizga. Maɓallai suka shiga tashi fat, fat, fat, ɗaya ya daki fanka, ɗaya ya faɗa kofin wata. Shugaba ta yi taga-taga, ta kai hannu ta kama abin da ya fi kusa, ashe keken ɗinki ne, shi kuwa mai taya ne, ya gangara da ita. Ta saki, ta dawo da baya, ta zauna daɓas a cikin wuyan, ƙafarta ta shuri tebur, lemo ya yi wanka da jan kafet.

"Wayyo ƙuguna! Wayyo simintin nan ya sake kama ni!"

Falo ya kaure. Masu ɗaga Shugaba suka ture doguwar kujera don a sami hanya, hammatar dama ta fito. Masu gudun lemo suka janye akwati da ƙananan kujeru, ƙarshen ɗaki ya fito. Duk abin da aka taɓa sai siminti ya leƙo. Wata ta ce a fitar da kafet ɗin kafin lemo ya shige shi, suka ja shi tsakar gida, suka ɗaga shi su huɗu don ya tsane. Nan kowa ya ga siffarsa. Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka kama, har da Shugaba da ke dafe da ƙugu. Mai Aski da Mai Kanti da rabin layin sun riga sun cika ƙofar gida.

Yaya kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso, ta kama bakin tsagar, ta shafa inda wuƙa ta ci, jan gashi na zuba a hannunta.

"Yaron nan a tabarma yake kwana," ta ce a hankali. "Ko katifa bai saya wa kansa ba ya sayo min wannan."

Hawaye ya zubo mata. Dariyar ta mutu. Sau-Ɗaya ya ji abin har cikin ƙashinsa, don bai taɓa ganin Yaya na kuka a gaban mutane ba, ko ranar da mijinta ya rasu a ɗaki ta yi nata. Ya kamata ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Amma bakin da ya saba ba ya jiran mai shi.

"Yaya, ai ɗan gyara ne. In aka kama shi ta nan, aka ɗan rage ƙugun..."

Yaya ta share ido da gefen mayafi. "Ku ɗaga min shi sama," ta ce wa matan. Suka ɗaga. Ta kamo Sau-Ɗaya ta kwalar riga kamar yadda take kamo shi yana yaro, ta tsayar da shi a ƙarƙashi. "Ku saki."

Kansa ya ɓullo ta ramin, hula ta faɗi, kafet ya sauka a kafaɗunsa jiƙe da lemo, gwiwoyinsa suka lanƙwashe don nauyi. Yaya ta tasa shi gaba har titi, jama'a na darewa, jelar kafet na share ƙasa a bayansa. Aka turo masa keken ɗinkinsa. Yana tsaye yana kallo ta ciro kwaɗo, ta ja ƙofar shago, ta datse, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta koma ciki ba ta waiwayo ba.

Jama'a suka yi dariyarsu suka gaji, aka fara watsewa. Ya rage shi kaɗai a tsakiyar titi, ja tun daga wuya har ƙasa, yana kallon ƙofar da yake kwana a bayanta tun yana saurayi. Direba ya tsinto masa hularsa, ya kakkaɓe, ya ɗora masa a ka.

"Garejina ba mota a ciki," in ji Direba. "Zo ka raɓa kafin ta huce, in za ta huce. Amma da sharaɗi."

"Wane sharaɗi?"

"Ka rantse ba za ka auna shi ba."

Sau-Ɗaya ya ɗaga kai, ya cika baki da iska zai yi magana. Sai ya sake kallon kwaɗon. Ya haɗiye iskar.

"Na rantse," ya ce. "Kama min jelar."